Ranar da Malam Habu Ya Zo Duba Katun

Wata Alhamis ce da damina, ina aji biyar na firamare, Malam Habu na islamiyyarmu ya jingine kekensa a gindin mangwaron gidanmu na Nassarawa GRA, ya shigo falo fuska a murtuke. Tun safe ni da ƙanena Sadiq muka share tsakar gida, muka ba kaji dusa, muka wanke wa Umma kwanuka ba tare da ta buɗe baki ba. Ba don kirki muka yi ba, tsoro ne. Abba ya riga ya yanke magana: Malam zai kalli katun ɗin da muke kallo bayan la'asar, in ya ce bai dace ba, an rufe tashar ke nan har abada.

Sadiq ne ya jawo mana. Wata tashar Larabawa ce ke nuna katun na wasu yara masu buga ƙwallo, masu manyan idanu da gashi tsaitsaye, kuma Abba ya bar mu da ita ne kawai don da Larabci suke magana. Mu ma mun ɗauka Larabawa ne. Muna gama kallo sai mu fita filin bayan gida, mu jera takalma a matsayin raga, Sadiq ya tsaya yana ihun sunan bugunsa kafin ya buga, ni kuwa in kwashe ƙwallon in wuce. To, ranar Talata Malam ya ɗaga bulala saboda Sadiq bai kawo hadda ba, sai yaron nan ya miƙe, ya dunƙule hannu, ya ce da Larabci tsantsa, "Ba zan taɓa miƙa wuya ba!" Kafin magariba labari ya iso kunnen Abba.

Malam ya zauna a bakin kujera, carbi a hannu, ko kunun ayar da Umma ta aiko bai taɓa ba. Aka fara. Filin ƙwallon katun ɗin nan kuwa ba ya ƙarewa, sai ka rantse daga Gawuna zuwa Hotoro suke gudu. Can jarumin ya daka tsalle zai buga, yana sama ya shiga tuno mahaifiyarsa da alkawarin da ya ɗaukar wa abokinsa marar lafiya. Na saci kallon Malam, na ga carbin ya tsaya cak. Ƙwallo ta tashi tana wuta, mai tsaron gida ya miƙa hannu, sai kawai waƙar rufewa ta shigo.

"To, ta shiga ko ba ta shiga ba?" in ji Malam.

Muka ce, "Sai gobe, Malam."

Abba ya leƙo ya tambayi hukunci. Malam ya gyara hula, ya ɗauki kunun ya shanye, ya ce, "Alhaji, Larabcin dai babu gyara a ciki. Amma ban gama bincike ba, zan dawo gobe." Washegari tun kafin lokaci muka ji ƙararrawar kekensa. Binciken nan bai ƙare ba sai da yaran katun ɗin suka ɗauki kofin gasar, kuma ranar har tafi ya yi. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

Sai da na shiga jami'a na gane yaran nan Japanawa ne, daga littattafan zane da ake kira manga aka ɗauko su, muryoyin ne kawai na Larabawa. Malam, Allah ya jiƙansa, ya bar duniya yana kiransu "yaran Larabawan nan masu zuciya". Yanzu 'ya'yana kowa na ɗakinsa da waya, kashi ɗaya na katun na ƙarewa sai su danna na gaba, babu wanda ke kwana da tambaya. Na so a ce akwai wanda zai juyo ya tambaye ni ko ta shiga, in ce masa sai gobe.