Sun Goge Sunanki Ranar Jana'izarki, Doamna Viorica

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da safe, mijinki Ilarie ya kira ni ya ce Allah ya karɓi abinsa. Zuciya ce ta tsaya, kina tsaka da ɗaura takalmi za ki fito aiki. Ranar Alhamis muka raka ki makwancinki a nan Sibiu.

Na so in rubuta miki wannan cikin sanyin rai, yadda ya dace da mamaci, amma na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ba mutuwa ce ta ɓata shi ba. Ita aikinta ta yi.

Shekaru da dama muna ofis ɗaya a kamfanin da ke ƙera na'urorin birkin jirgin ƙasa. Ni injiniya ne mai rubuta sharuɗɗa: birki ya kama cikin tazara kaza, in wuta ta ɗauke ya kama da kansa. Ke kuma ke ce mai riƙe da rumbun da ake adana dubban sharuɗɗan nan a kwamfuta. A gaban kowane sharaɗi akwai sunan wanda ya rubuta, da wanda ya duba, da wanda ya kulle shi bayan an amince. Suna na ƙarshen nan kullum naki ne, Viorica Stănilă, wadda muke kira Doamna Viorica, wato Uwargida Viorica.

Ba ki da sauƙin kai, wannan kowa ya shaida. Kikan zaga tebur-tebur kina ɗaga allon bugun rubutu, in kika tarar wani ya liƙa kalmar sirrinsa a ƙasa, sai ki ɓamɓare ki liƙa masa a goshin kwamfutarsa, ki ce tunda yana son a gani, bari kowa ya gani. Har yau ina tuna ranar da shugaban sashenmu, Domnu Tiberiu, wato Malam Tiberiu, ya zo neman babban mabuɗin rumbun, kalmar sirrin da ke buɗe komai.

"Doamna Viorica, ni ne fa shugaba a nan."

"Shi ya sa ma ba zan ba ka ba. In Horia ya yi ɓarna kai za ka ja masa kunne. Kai in ka yi, wa zai ja maka?"

Ni ne Horian, kuma ina zaune ina ji. Domnu Tiberiu ya fita yana ƙunƙuni, ke kuma kika miƙo mini biredi da zakuska, miyar gauta da tattasai da kika soya da hannunki, wadda duk kaka kike cika mana kwalabe da ita. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, ke kika riƙa aiko mana miya har ta tashi, kuma kika hana ni yin godiya a gaban mutane.

Babbar dokarki ita ce ba a goge komai. Sharaɗin da aka fasa, sai a sa masa alamar an janye, da dalili, da sunan mai janyewa. Ma'aikacin da ya bar aiki, sai a kulle asusunsa, amma sunansa ya zauna. Kikan ce ranar da jirgi ya ƙi tsayawa, dangin mutane za su tambayi wa ya sa hannu, kuma dole a sami amsa. Duk Juma'a kuma kikan buɗe kwafin ajiyar rumbun ki gwada dawo da shi, don ki tabbatar ba kwali marar komai muke ajiyewa ba. Muna yi miki tsiya, muna cewa Juma'ar Viorica ta zo, kowa ya kama kansa.

To, ga abin da suka yi miki. Ranar Alhamis, muna tsaye bakin kabari, limamin coci yana addu'ar a riƙa tunawa da ke har abada, a lokacin ofishin kula da ma'aikata ya aika wa masu kula da na'urori cewa wannan ta bar aiki, a cire ta. Ba su kulle asusun ba, gogewa suka yi. Washegari na buɗe rumbun, duk inda sunanki yake sai na ga an rubuta "ba a san shi ba". Ke da ba ki taɓa bari a goge layi ɗaya na wani ba. Furannin da kamfanin ya aiko kuwa sun fi na kowa girma, sai da mutum biyu suka ɗauka.

Da yake ni suka danƙa wa mabuɗin na riƙon ƙwarya, na je na sami Domnu Tiberiu. Na ce za a iya dawo da ke daga kwafin ajiya, amma sai an tsayar da rumbun yini guda.

"Yini guda? Muna da kayan da za mu miƙa ƙarshen wata! Haba Horia, suna ne fa kawai, sharuɗɗan suna nan lafiya. Allah ya ji ƙanta, amma ai ba za ta dawo ta duba ba."

Na juya na fita, don abin da ya zo bakina bai dace da mako na makoki ba. Suna ne kawai! Birkin da dubban mutane za su dogara da shi, a ce ba a san wanda ya kulle sharuɗɗansa ba, kuma mai faɗin haka ya ci dafaffiyar alkamar sadakarki har da ƙari.

Juma'ar da ta biyo baya na shigo da sassafe na rufe rumbun. Kafin hantsi ofis ya rikice, ga Domnu Tiberiu a kaina, fuska ta yi jawur.

"Kai, ka haukace ne? Wa ya ba ka izini?"

"Yau Juma'a ce, Domnu Tiberiu. Aikin Juma'a nake yi."

Kwafinki na ƙarshe ya buɗe ba gardama, kamar yadda kika saba barinsa. Wajen la'asar na buɗe sharaɗin farko da ya zo hannuna, na birki ya kama in wuta ta ɗauke. Sunanki na nan a gabansa. A nan ne na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Na kulle asusunki da hannuna, yadda kika koya mana.

Sun karɓe mabuɗin, sun ba ni takardar gargaɗi, kuma an ce maganata na gaban manya. Su yi duk abin da suka ga dama. Kwafi na nan, kuma yanzu ofishin gaba ɗaya ya san yadda ake dawo da shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ilarie, da 'yarki Sanda, da jikokinki. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Ke kuma, Doamna Viorica, Allah ya ji ƙanki, ya yafe miki kurakuranki, har da kaifin bakin da muke kewa yanzu. Allah ya haskaka makwancinki, ya rubuta sunanki a inda babu hannun da zai kai gare shi. Amin.