Ruwan da Sani Ya Ƙi Ragewa

Kakarmu Inna Ladi waina take sayarwa a Tudun Wada, saboda haka tatsuniyarta ba ta rabuwa da ƙwarya. Bayan isha'i za ta zauna gefen murhu tana rege shinkafar gobe, ni da ƙanena Sani muna tsugune muna jin ɗumi. Takan juya ƙwaryar a hankali, shinkafa ta bi ruwa, tsakuwa ta kwanta a ƙasa.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "wanda ya yi barci kada ya tambaye ni da safe."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wata mata da ta tarar da yashi mai zinari a bakin rafi. Garin sauri ta riƙa kwara masa ruwa da tulu. Manyan ƙwayoyi suka zauna, ta kwashe tana murna, ƙananan kuwa suka bi ruwa. A ƙasan rafin akwai kwaɗo, bai haƙa ba, bai ɗauko ba, baki kawai ya buɗe. Kafin lokacin kaka, kwaɗon ya yi gidan zinari, ita tana nan da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

Yau ni da Sani muna wankin zinari, da injin jan ruwa da muka saya da rabonmu na gidan Inna. Aikin regiya ce tsagwaronta: a zuba niƙaƙƙen dutse a kwararon katako mai shimfiɗar kafet, mai nauyi ya maƙale, yashi ya wuce. Na yi magana har na gaji. Na ce a rage gangaren, a rage ruwa, a tankaɗe tsakuwa tukuna, a riƙa wanke kafet kafin ya toshe. Sani ya ce injin ba don ado muka saya ba, ya ƙure shi. Raina yana ɓaci duk sanda na ɗebi lakar da muka zubar a kwano na ga tana ƙyalli.

Makon jiya wani Alhaji ya zo da tifa, ya ce zai taimaka ya kwashe mana tarin lakar. Sani har godiya ya yi masa.

Na ce, "Ka manta kwaɗon Inna?"

Ya dube ni, ya ce, "Wane kwaɗo, Yaya?"

Sai na tuna. Matar na kwashe manyan ƙwayoyi, barci yake ɗauke Sani. Bai taɓa jin ƙarshen tatsuniyar ba.