Kunnen da Malam Ya Bar Mini

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam, bakanike a Gwaram. A ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro, to a yi haƙuri da rubutuna.

Garejinsa a jikin katangarmu yake, ina daka ina jin bayaninsa. Direbobi kan zo su ce a ƙara wa mota wuta. Sai ya tsuguna ya ja layi a ƙasa da sifana, layin ya hau, ya yi tozo, ya gangaro. Ya ce haka ƙarfin kowane inji yake: kana taka totur yana hawa, har inda maƙeransa suka tsayar. Bayan nan sai ƙara da zafi kawai. Wanda ya dage, sai Malam ya ce masa ya gwada wani garejin.

Bana ɗanmu Nasiru, wanda ya gaji wurin, ya ciro wata na'ura daga motar da ta yi haɗari, mai ɗura wa inji iska. Turbo suke ce mata. Ya ɗaura wa tsohuwar bas ɗinsa mai ɗaukar fasinja zuwa Birnin Kudu. Amma fistin ɗin injin na da ne, birki ma na da. Yanzu yana sawu uku kafin abokansa su yi biyu, a tasha har kirari ake masa. Ina yawan tunanin me Malam zai ce. Shi ba mai faɗa ba ne, kuma ban san ko za a saurare shi ba.

Makon jiya na shiga motar zan je dubiya. Mun bar gari kaɗan sai na ji wani siririn kuka a ƙarƙashin rurin injin, irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone a kan wuta. Na san shi. Motar da ta zo wa Malam da wannan kukan ba ya barin ta fita da mutane.

Na ce, "Nasiru, sassauta."

Ya dube ni ta madubi yana dariya. "Inna, zamanin Baba ya wuce. Daɗi injin yake ji."

Na ce ya sauke ni. Ya tsaya, har ya tsayar mini da mai babur.

Kayan aikin Malam suna hannun ɗansa. Ni kunne ya bar mini, kuma ban san amfaninsa ba tunda ni kaɗai ya saukar daga motar. Allah ya jiƙan Malam. Wata mai goyo da ke kusa da ni ta matsa gurbina, ta gyara wa jaririnta kwanciya, motar ta tashi. Gobe ma Nasiru zai yi lodi.