Sallamar da ta cika akwatin masaukinmu

Har gobe ban manta da wata Lahadi cikin watan Sha'aban ba, ranar da mudir, wato manajan masaukinmu na unguwar Anbariyya a Madina, ya kira ni ofis bai ko ce in zauna ba. Ni ne ke kan teburin karɓar baƙi. Duk ayarin Umara da ke son ɗaki ta imel yake aiko mana, ni kuma in duba in tabbatar. A ranar wani ayari ya sauka da jakunkuna da tsofaffi, babu ɗaki ko ɗaya da sunansu. Saƙonsu ya iso, amma ya nutse cikin saƙonnin yaƙin neman zaɓe da ke kwararowa daga gida kamar an ɓalle famfo.

Mudir ya juyo mini da kwamfuta. Hoton wani ɗan takara ya cika fuskarta, ya sha hula yana murmushi, a ƙasa an rubuta, "Assalamu alaikum Malam Isiyaku."

"Ya Habibu, nan masauki ne ko ofishin jam'iyya?" in ji shi. Ya ce zuwa Alhamis in abin bai tsaya ba, halas, wato magana ta ƙare, ba zai sabunta iƙamar Isiyaku ba. Iƙama ita ce takardar zama, wanda tasa ta mutu sai haɗa kaya.

Baba Isiyaku shi ne mai gadin ƙofarmu. Ya zo Madina tun ina goye, a nan gemunsa ya yi fari. Irinsu tsofaffin zuwa sun saba tun zamanin wasiƙa, in an tambaye su adireshi sai su ba da na wurin aiki. Da wani ɗan garinsu ya zo Umara yana tattara sunayen 'yan gida mazauna waje, Baba ya zari katin masauki ya miƙa masa, shi ke nan.

Na ɗauka aikin minti biyar ne. A ƙasan irin waɗannan saƙonni akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe, in ka danna sai a cire sunanka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na danna, waɗanda ba su da layin na toshe su. Washegari na tarar sun ƙaru. Ƙungiyar matasan ɗan takara, ƙungiyar matansa, har da wata ta masu yi masa addu'a. Na sake sharewa, suka sake dawowa. Wallahi na gaji, gajiyar mai kwashe ruwa daga jirgin da ya huje.

Ranar Laraba na leƙa wajen saƙonnin da aka aika daga wurinmu. A nan na ga ɓarnar. Tsakanin Azahar da La'asar, in na tafi cin abinci, Baba ne ke riƙe mini tebur. Kowane saƙo sai ya amsa shi da yatsa ɗaya: "Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'a." Su kuwa can, duk wanda ya amsa sai su sa shi cikin masoya na haƙiƙa, su raba adireshinsa ga kowace ƙungiya tasu. Ni ina rufe ƙofa, Baba yana buɗe taga.

Na same shi a bakin ƙofa da kofin shayinsa.

"Haba Baba! Ina ta fama, ashe kai ne ke kiran su?"

"Kira? Ni ban kira kowa ba, ɗana. Sallama suka yi."

"Ai ba mutum ba ne, Baba, inji ne. Saƙo ɗaya ake rubutawa, a liƙa sunan kowa a kai. Wannan mai hular bai san da zamanka a duniya ba."

Na yi zaton zai musa. Ya juya kofin a hannunsa, sannan ya ce:

"Na sani, Habibu. Tun farko na sani. Ko ƙuri'ar ma a ina zan jefa ta, a nan unguwar Jurf? Amma a nan kowa 'ya haris' yake ce mini, kai mai gadi. Waɗanda suka san sunana a gida duk sun kwanta dama. Sai ga shi an ce assalamu alaikum Malam Isiyaku, da harshenmu. Ka taɓa jin an yi wa mutum sallama a birnin Manzo ya yi shiru?"

Amma Alhamis gobe ce, kuma mudir ba ya magana biyu. Na ce masa ko sallamar nan, ko iƙama.

Ya biyo ni tebur. Ya roƙi in bar shi ya amsa na ƙarshe, don kada a ce ya rufe ƙofa babu sallama. Ya rubuta, "A yafe mini, aiki ya hana," sannan ya danna layin cire suna da kansa. Na toshe sauran, na kuma yi wa mudir bayanin abin da ya faru. Ya girgiza kai kawai, amma an sabunta iƙamar.

Akwatin imel ɗin ya koma tsaf, sai saƙonnin baƙi. Baba bai sake taɓa kwamfutar ba. Wani lokaci in na dawo daga cin abinci yakan ce, "Babu komai daga gida?" In ce babu.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, toshe saƙo ba wuya, kowa zai koya muku. Amma kafin ku toshe, ku duba wa ke amsawa, kuma me ya sa. Ni dai tun daga ranar ban ƙara wuce ƙofar nan ba sai na tsaya na ce, "Assalamu alaikum, Malam Isiyaku." Yakan ajiye kofin, ya miƙe tsaye, sannan ya amsa.