Durorin Mama da tankin gidan bulo

A daminar da wayar salula ta fara shigowa Lafia, wani zazzaɓi ya sauka a unguwarmu. Mutum zai kwanta ƙasusuwa na sara, bayan ido na ciwo, a sha maganin maleriya a banza. Ni ma sai da na yi kwana tara ban je makarantar da nake koyarwa ba. Wata nas maƙwabciyarmu ta ce yana kama da wanda ake kira dengi, ko da yake babu wanda aka yi wa gwaji. Ta ce sauronsa da rana yake cizo, kuma a ruwan da aka ajiye ba murfi yake zuba ƙwai: duro, tsohuwar taya, gwangwani.

Mai unguwa ya kafa kwamiti. Aka ba wani Alhaji mai gidan bulo shugabanci, don shi ya kawo baro da shebur. Maza su yashe kwata, mu mata mu shiga gidaje mu duba ruwa. Ni aka ɗora a kan matan, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

A ƙarshen layinmu akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Alago, kowa Mama yake ce mata. Ita kaɗai take zaune. Duro uku gare ta a ƙarƙashin indararo, tana tarar ruwan sama, da shi take sha, da shi take jiƙa rogon da take yin alabo ta sayar. Na leƙa na ga tsutsar sauro na wutsil-wutsil. Na ce a zubar. Ta roƙe ni, ta ce gwiwoyinta ba sa kai ta rijiya, in bar ta ta nemi buhu ta ɗaure bakinsu. Da na saurare ta, da shi ke nan, don nas ɗin ma rufewa ta ce a yi. Amma mata shida na tsaye a bayana suna kallona. Muka kifar da su.

Da aka sake yin ruwan sama ta sake tarawa. Samarin kwamiti suka ji, suka je da gatari suka huda gindin durorin duka. Ba ni na aike su ba, amma ni na kai rahoto.

A makon ne na bi ta gidan bulon Alhaji. Tankinsa na ƙasa ya kai faɗin ɗaki, a buɗe, ruwan ya yi kore, saman sai motsi yake. Ranar taro na miƙe na faɗa. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Malama, ai ruwan siminti ne. Wane sauro ne zai zauna a siminti?" Maza suka yi dariya, har da waɗanda 'ya'yansu ke kwance. Na dubi nas, ta sunkuyar da kai. A gida maigidana ya ce in iya bakina, mu baƙi ne a unguwar, ba mu za mu gyara ta ba.

Ba a taɓa tankin nan ba. Da rani ya shigo zazzaɓin ya lafa don kansa, aka yi taro aka yi wa Alhaji addu'a, aka ce jajircewarsa ce.

Mama kuwa ta koma ɗibar ruwa da ɗan bokiti, tana tafiya tana hutawa a bakin dakalin mutane. Alabon ya tsaya. Kafin wata damina 'yarta ta zo daga Doma da akori-kura ta kwashe ta. Na je na tsaya ana loda kaya, na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta dube ni, ta ce da irin Hausarta, "Malama, ni ba ya fushi. Ke dai ya ga wanda ƙarfinki ya kai."

Na so a ce zagina ta yi. Motar ta tashi, na koma gida na ɗora tukunya, don yara sun kusa tasowa daga Islamiyya.