Jan Farce a Bakin Tiyo

Duk wanda ya koyi tuƙi a hannunsa Malam Sannu yake ce masa, domin daga kunna mota zuwa kashe ta abin da ɗalibi zai yi ta ji ke nan: "Sannu dai, sannu, titin ba gudu zai yi ya bar ka ba." Gajeren mutum ne, bahago, gemunsa ya yi fari a wannan sana'a. Haƙurinsa kuwa har mamaki yake ba mutane. Ya yi haƙuri da matar da ta hau da shi kan shingen makaranta, ya yi haƙuri da tsohon da ke rufe ido in babbar mota ta tunkaro. Mutum ɗaya ne bai taɓa samun rabo a haƙurin nan ba, shi ne bakanike.

Abin yana da asali. Yana saurayi ya kai motarsa ta farko gareji, aka zare masa sabon famfon mai aka maƙala tsoho, motar ta mace masa a tsakiyar titi da ɗalibi a ciki. Tun daga ranar ya yanke wa kanikawan duniya hukunci gaba ɗaya. In zai kai gyara, sai ya ɗauki jan farcen matarsa ya bi kayan injin yana ɗiga musu alama, filogi, batir, tiyo, har murfin lagireto. A garejin kuma kan benci yake zama, hannu a haɓa, idonsa na bin sifana duk inda ta nufa. Matarsa ta yi mita har ta gaji, ta koma sayen kwalba biyu, ɗaya tata, ɗaya ta mota.

Sai Allah da ikonsa, autarsa ta tashi ba abin da take so irin kanikanci. Ya yi faɗa, ya yi rarrashi, daga baya ya sa mata albarka da rabin baki. Ta gama karatunta, babban kamfanin da ke sayar da motoci ya ɗauke ta a sashen gyara, amma a matsayin gwaji tukuna, sai an ga kamun ludayinta. Motar gidansu kuwa ko ma'aunin mai bai taɓa barin ta ta zaro ba. Wannan yana yi mata ciwo, shi ma ya sani.

"Baba, ka kawo ta wurinmu a yi mata sabis mana," in ji Auta. "Ko sau ɗaya ne."

Ta yi ta naci, uwarta na taya ta, har ya kai motar. Can ya gamu da abin da bai yi tsammani ba: ba a barin mai mota ya shiga wurin gyara. Aka ajiye shi a wani ɗaki mai sanyi da kujeru masu taushi, aka kawo masa shayi. Shayin ya huce a gabansa. Duk ƙarar ƙarfen da ya ji ta bayan bango, sai ya ji kamar haƙorinsa ake cirewa.

Da ya dawo gida da motar, an wanke ta tana ƙyalli, bai ko shiga ciki ba ya ɗaga bonet. Alamominsa duk suna nan, ban da ɗaya, ta bakin tiyon lagireto. Ya ɗauko sukudireba ya kwance ƙarfen da ke matse bakin tiyon, ya ja shi baya, sai ga jan ɗigon a ƙarƙashi, ashe ƙarfen ne ya rufe shi. Ya yi ajiyar zuciya. Daidai nan wata ɗaliba ta iso tana sallama, sai ya mai da ƙarfen a gaggauce, ya juyo kan notin ƙarfen wajen hannunsa na hagu inda ya fi masa sauƙi, ya ɗan matse, ya rufe bonet. Ya manta da zancen kamar ba a yi ba.

Washegari ya fito ya tarar da koren ruwan da ke sanyaya inji ya kwanta a ƙarƙashin motar, yana ɗiga ɗis, ɗis. Abin kunya ne a faɗa, amma daɗi ya ji. Shekara da shekaru yana cewa kanikawa ba abin yarda ba ne, yau ga shaida a ƙofar gida.

"Malam, ka bari Auta ta taso daga aiki ta duba," in ji matarsa.

"Ina ruwan Auta? Yarinyar da ba ta daɗe da zuwa ba, wa zai ba ta mota? Manyan ne suka yi wannan aika-aika."

Ya cika lagireto da ruwa ya kama hanyar kamfanin. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a sama ba, ranar ya yi ta faɗa, har masu sayen sababbin motoci sai da suka juyo. Manajan sashen ya fito da sauri yana ba shi haƙuri, sannan ya leƙa ciki ya ce a turo wanda ya yi aikin motar nan.

Auta ce ta fito, cikin rigar aiki, tana goge hannu da tsumma. Ashe ita ta roƙa a bar mata motar, ba tare da ta ce ta babanta ce ba, ta yi komai da hannunta.

Manaja bai san alaƙarsu ba. Ya haɗe rai ya ce, "Kin san ƙa'ida. Mai gwaji in mota ta dawo da yoyo daga hannunsa, zamansa ya ƙare. Buɗe mu gani."

Ta ɗaga bonet, ta bi tiyon da yatsa har bakinsa. Ƙarfen ya zame daga mazauninsa, kan notin na kallon hagu. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta saci kallon hannun babanta na hagu, ta sunkuyar da kai.

"Ke kika ɗaure wannan?" in ji manaja.

Mutane sun kewaye su, ga abokan aikinta a bakin ƙofa. Ta buɗe baki ta ce, "Zan gyara, ranka ya daɗe."

Malam Sannu ya leƙa, ya ga notin, ya gane aikin hannunsa. Kunya ta rufe shi. Amma abin da ya fi kunyar zafi shi ne ganin yarinyar nan ta gwammace ta rasa aikin da ta sha wahala a kai da ta tsinka shi a gaban jama'a.

"Dakata, ɗana," ya ce wa manaja. "Ba ita ba ce. Ni na kwance shi jiya a gida."

"Kai, Baba? Me ya kai ka?"

"Jan farce nake nema."

Sai da ya yi bayani tiryan-tiryan kafin manaja ya fahimta. Wani a bakin ƙofa ya ƙyalƙyale da dariya, shi ma manajan ya sa hannu ya rufe baki. Malam Sannu bai damu ba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "'Yata ce. Aikinta ba inda ya ɓaci. Ni na ɓata, a yafe mini."

Manaja ya dubi Auta, ya dubi tsohon, ya ce, "To ai shi ke nan. Ki matse shi, ki zuba sabon ruwa, ki fita da ita titi ki gwada. Ki tafi da mai motar, kada ya ce mun canza masa taya."

Ita ta karɓi sitiyari, shi ya zauna a kujerarsa ta malami, inda akwai birki na biyu da yake takawa in ɗalibi ya rikice. Suka hau titi suka yi nisa. Allurar zafin inji ta tsaya cak a tsakiya.

"Baba, da ka yi shiru ma, ba zan faɗa ba," ta ce.

"Na sani. Shi ya sa na faɗa."

Suka tunkari mahaɗar titi, motoci na giftawa. Ƙafarsa ta miƙe da kanta ta nufi birkin, sai ya janye ta ya cusa ƙarƙashin kujera. Auta ta gani, idonta ya ciko da ƙwalla. Ta rage gudu, ta duba dama da hagu, ta ƙetare da su.