Ƙari da Kari

A gidanmu ba ma cewa "ƙarin jini". Ƙari kawai muke cewa, yadda ake gajarta sunan wanda aka saba da shi. "Jibi ne ƙari." "Bari sai bayan ƙari." Duk bayan mako uku ko huɗu nakan ɗauki autata mu hau keke daga Tudun Wada zuwa asibiti, a rataya mata ledar jini, mu wuni muna kallon ɗigo. Mu shiga da yarinya fari fat, ko magana ba ta son yi, mu fito da wadda ke neman yayyenta da tsokana tun daga bakin ƙofa.

Tana da wata takwas aka gano ciwon. Kowa ya ce sikila ce, don ita muka sani. Likitan, wani dattijo mai furfura har a gira, ya ce a'a, wannan talasimiya ce, ba kasafai ake ganinta a nan ba. Jikinta ba ya iya yin jini mai ƙarko, kuma daga ni da babanta ta gada. Mahaifiyata ta gwada sunan sau uku harshenta ya ƙi, sai ta ce, "To, ƙanwar sikila ke nan." Haka sunan ya zauna a danginmu har yau.

Likitan mai son labari ne. Ya ce a da irin waɗannan yara ba sa daɗewa. Sai aka gane cewa ƙarin jini a kai a kai na riƙe su. Daga baya kuma aka ga jinin na tara musu sinadarin ƙarfe a zuciya da hanta, aka fito da allurar da ake maƙala wa yaro da ɗan inji ya shafe awoyi da ita a jiki. Yanzu kuwa ƙwaya ce ake narkawa a ruwa. "Kin zo a zamani mai sauƙi, Hajiya," in ji shi. Saura kaɗan in buga masa jakata. Sai da na yi shekaru na yarda gaskiya ya faɗa.

Ƙa'idar ita ce, duk ledar da aka ba ka, ka kawo wanda zai mayar da madadinta. Ni ba a karɓar nawa, kullum a bakin gaɓa yake, da ƙyar yake isata. Maigidana da ƙannensa biyu da yayana su ke karɓa-karɓa. A shekarar da auta ta cika bakwai layin ya tsinke: maigida ya yi jinya likita ya hana shi, aka yi wa yayana canjin wurin aiki zuwa kudu, ƙannen kuwa ba su daɗe da bayarwa ba, dole su jira watanni. Saura kwana goma ƙari, ba ni da mutum ko ɗaya, kuma ba na wannan watan kaɗai nake tsoro ba, na duk watannin da ke bayansa ne.

Muna da 'yar ƙungiya ta iyaye da ke zama a gindin mangwaro bayan ɗakin yara. Kusan duka iyayen masu sikila ne, ni kaɗai ce da ƙanwarta. Wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Sista ita ke haɗa mu. Da na faɗa mata halin da nake ciki, ta ce, "Tara min mutum goma ranar Asabar da safe a filin firamaren unguwarku. Zan zo da masu ɗibar jini da kayan aikinsu."

Mutum goma! Ni mace ce mai girman kai, ban taɓa ɓoyewa ba. Gishiri ma in ya ƙare min gara in ci miya lami da in aika maƙwabta, balle jini. Ina zaune a kan keken ɗinkina ina taka shi ba zare, maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta leƙo. Bagwariya ce mai sayar da doya, shugabar mata a cocinsu, kuma babu gidan suna ko gidan rasuwa a Minna da ba a san muryarta ba. Hausarta irin ta garin nan ce, babu ƙa babu ɗa, namiji da mace duk "ka" ne.

"Tela, me ya same ka? Fuskanka ya yi kaman tuwon jiya."

Na faɗa mata komai, har na yi kukan da ban yi niyya ba. Na ce Asabar da safe, filin firamare, don ƙarin auta, amma ni bakina ba zai iya roƙo ba.

"Shi ke nan? Bar mini. Ni bakina ba ya jin kunya."

Ranar Asabar na dafa shayi a buta ɗaya, na sayi burodi uku, ina addu'ar ko mutum biyar su zo. Tun kafin mu sha kwanar makarantar na ji hayaniya. Na ce wa maigida ko an ba wasu filin ne don biki. Muna shiga na ga mata sun ci kwalliya, ɗaurin ɗankwali kamar za a kai amarya. Ga bokitan koko jere, ga kwanukan ƙosai da masa, ga soyayyar doya a faranti. Dangin maigida mutanen Bida sun zo da kular shinkafa da kifi. Matan coci sun zo da kujerunsu. Wata bas ta tsaya, ɗaliban jami'a na Gidan Kwano suka yi ta durowa, wasu da cokulansu a aljihu.

Wata dattijuwa da ban taɓa gani ba ta rungume ni. "Allah ya sa albarka! Sauka yarinyar ta yi ne, ko gasa ta ci?"

Na ja Maman 'Yan Biyu gefe. "Mama, me kika ce wa mutanen nan?"

"Abin da ka ce mana. Na ce Asabar da safe akwai kari na yarinyan tela a piramare, kowa ya zo, ya kawo wani."

Kari. Karin kumallo. Ta bi coci, ta bi kasuwa, ta bi tashar bas tana gayyatar jama'a cin abincin safe. Mata kuma ba sa zuwa taro hannu rabbana, shi ya sa kowace ta ɗauko abin da ta iya. Sista na tsaye kusa da gadajenta biyu na naɗewa, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Bar su su ci. Dama ba ma son ɗibar jinin mai yunwa. Amma in sun gama, ke za ki yi magana, ba ni ba."

Ban ci ko loma ɗaya ba. Da aka fara suɗe kwanuka na hau dakalin aji. Na ce jama'a ku yafe mu, ƙari aka ce, ba kari ba. Wuri ya ɗauki dariya, har da masu tafi. Na jira ta lafa, sannan na faɗi sauran. Na ce 'yata da jinin mutane take rayuwa tun tana goye, namu na gida ya ƙare, kuma ban san inda zan samo na wata mai zuwa ba. Ban taɓa faɗin wannan da ƙarfi ba, ko a ɗaki.

Na ga wasu suna sulalewa ta bayan aji, ɗaya har da ƙosai a hannu, ban kuma riƙe su a zuciya ba. Wani mahauci daga kasuwa, ƙato, ya miƙe ya ce, "Hajiya, ba raini ba. Mun ji ana sayar da jinin nan. Yaya za mu tabbata?"

Kafin in buɗe baki auta ta saki hannun babanta ta je gabansa. Ta ja fatar idonta ƙasa da yatsa, yadda ta ga likita na yi mata. "Baba, duba. In ya yi fari haka, ya kusa ƙarewa ke nan."

Mahaucin ya duƙa ya duba. Sai ya naɗe hannun riga ya nufi gado. Mutumin da ke wuni cikin jini, yana ganin allura ya rufe ido yana salati da ƙarfi, ɗalibai na yi masa kirari. Bayansa layi ya miƙe har bakin rijiya. Dattijuwar da ta rungume ni ta yi rigima sosai da aka ce shekarunta sun wuce, ta ce jininta ya fi na yaran zamani kauri. Ledojin Sista suka ƙare, sauran ta rubuta sunayensu da watan da kowa zai zo. Waɗanda ba su iya bayarwa ba suka ɗauki murfin kula suka zaga da shi, abin da aka zuba Sista ta tafi da shi gindin mangwaro don maganin yaran ƙungiya.

Tun daga ranar duk bayan wata huɗu ana yin kari a filin, da sanin kowa yanzu, kuma jinin ya fi ƙarfin auta ita kaɗai, yaran sikila ma na samu. Na sha tsare Maman 'Yan Biyu in ce ta rantse ba da gangan ta yi ba. Sai ta ce, "Ni na san wani ka da ka? Hausanku ne da wahala." Amma idonta ba ya yarda ya haɗu da nawa.

Da yammacin ranar farko, bayan an wanke bokitai, Sista ta biyo ta gida ta nuna min takardar. Sunaye sun cika shekara guda har sun tsallaka. Da ta tafi na ɗauko yadin makarantar auta da na saya na ajiye. Shekara bakwai ina ɗinka wa 'ya'yan mutane kaya da rara, ina cewa iyayensu ai yaro girma yake. Na auta kuwa daidai jikinta nake yankawa, cif, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ranar na saki kafaɗa, na auna tsawonta, na ƙara taƙi guda, na naɗe shi a kalmasa don a warware baɗi.

Da ta gwada, rigar ta zubo mata a kafaɗa. "Umma, ta yi min yawa."

Na ce, "Za ki cika ta."